Yadda ake sauya wa mage yashin bahaya ba tare da ta ƙaurace wa bahonta ba

Kiwon mage ba baƙon abu ba ne a gidajen Hausawan Jidda da Makka da Madina, amma yanayin kiwon ya sauya ƙwarai a 'yan shekarun nan. A da, a unguwannin da gidaje ke ƙasa kuma ƙofa ba ta cika zama a rufe ba, mage kan fita ta nemi inda za ta tona ta biya bukatarta, ta dawo ba wanda ya san inda ta je. Tun da aka fara rusau a tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, irin su Gulail da Sabil da Kandara, iyalai da dama sun koma gidajen haya na bene, inda mage ba ta da tsakar gida kuma ba ta da ƙasar tonawa, sai abin da mai gida ya zuba mata a baho. Daga nan ne yashin da ake saya mata ya zama abin lura, domin shi kaɗai ne banɗakinta dare da rana.

Dalilan da ke sa a sauya yashi suna da yawa. Wani ƙura ce ta dame shi, musamman idan akwai mai asma a gidan, wani tsada ce, wani nauyin buhun ne da wahalar hawa bene da shi, wani kuma ya je kanti ne ya tarar wanda ya saba saye ya ƙare, ya ɗauko wanda hannunsa ya kai. Duk waɗannan dalilai ne na mutum, mage ba ta san da su ba. Abin da ta sani shi ne wurin da ta amince da shi ya wayi gari da wani wari daban, kuma abin da take takawa ba shi ne na jiya ba. A ganina magen ce ke yanke hukunci a wannan sha'ani. Aikin mai kiwo shi ne ya gabatar mata da sabon yashin sannu a hankali, ya sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, ya kuma bar tsohon a kusa har sai ta nuna da kanta cewa ta karɓi sabon.

Kuskure a nan ya fi nauyi a gidan Musulmi. Hadisin Abu Ƙatada da ya zo a Muwaɗɗa ya tabbatar da cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu, don haka ragowar ruwan da ta sha mai tsarki ne. Amma fitsarinta da kashinta najasa ne a wurin mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya. Magen da ta ƙi bahonta kuwa wuri mai laushi mai shan ruwa take nema, kuma a gidajenmu babu abin da ya cika wannan siffa kamar darduma da sallaya da katifun majalisi, wato ɗakin zaman baƙi, da tulin kayan wanki.

Abin da mage ke ji a ƙafarta da hancinta

Magen gida ta samo asali ne daga magen daji ta Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar da ta rayu a busassun wurare masu rairayi, inda take tona ɗan rami, ta yi abin da za ta yi, ta mayar da ƙasa ta rufe domin kada wari ya nuna wa abokan gaba inda take. Wannan ɗabi'a tana nan a jinin kowace mage, ko da a hawa na biyar aka haife ta, kuma ita ce ta sa yawancin maguna suka fi son yashi mai laushi, mai ƙananan ƙwayoyi, marar ƙamshi. Tafin ƙafar mage wuri ne mai saurin ji, ta yadda bambancin da ke tsakanin lallausan yumɓu da ƙwayoyin katako masu kauri, wanda mu ba za mu ɗauke shi a bakin komai ba, babban al'amari ne a wurinta. Hancinta ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba, ga shi kuma idan ta shiga baho kanta yana dab da yashin. Saboda haka yashin da aka cika da ƙamshin lafanda ko na hodar jarirai, wanda ke burge mai saye a kanti, yana iya zama shi ne zai kore ta. Haka ma turaren wuta da ba a raba gidajenmu da shi: ajiye kasko kusa da baho don a danne wari yakan sa mage ta guji wurin, kuma hayaƙin ba ya yi wa huhunta kyau.

Sanin daga wane nau'i za a tashi zuwa wanne shi ne ke nuna hanyar da za a bi. Mafi daɗewa a kasuwa shi ne busasshen yumɓu mai shan ruwa wanda ba ya dunƙulewa, wanda wani ɗan kasuwa a jihar Mishigan ta Amurka mai suna Ed Lowe ya fara sayarwa a 1947, lokacin da mutane ke zuba wa magunansu toka ko yashi. A shekarun 1980 aka fito da na yumɓun bentonait, wanda da zarar fitsari ya taɓa shi sai ya kumbura ya zama curi guda da za a ɗauke a bar sauran a bushe. Shi ne ya fi yawa a kantunan Saudiyya a yau, shi kuma maguna suka fi karɓa, sai dai yana da nauyi da ƙura, yana kuma bin ƙafa zuwa cikin ɗaki. Akwai na silika, ƙwayoyi masu sheƙi irin waɗanda ake samu a ɗan ƙunshi cikin kwalin sabon takalmi, waɗanda ke zuƙe fitsari ba tare da sun dunƙule ba. Akwai na katako da aka matse ya zama gajerun sanduna, wanda ke rugujewa ya koma dusa idan ya jiƙa, da na takarda mai irin wannan siffa. Sai na tsirrai, kamar masara da alkama da dusar waken suya da ke ragewa bayan an tace awara, kuma yawancin waɗannan suna dunƙulewa, ba su da nauyi, ƙurarsu kaɗan ce.

Yanayin garin da mutum yake yana da tasiri a zaɓin. A Jidda, inda laimar teku ke cika iska mafi yawan shekara, yashin tsirrai yana iya yin funfuna ko ya jawo ƙwari da kyankyasai idan aka bar buhunsa a buɗe ko aka ajiye bahon inda sanyin na'ura ba ya kaiwa, kuma silika kan ƙoshi da danshin iska ya gaji tun kafin lokacin da aka rubuta a jikin buhu. A Madina da Riyad, inda iska ke bushe, matsalar da ta fi fitowa ita ce ƙurar yumɓu, wadda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗauka ta watsa ko'ina.

Kafin a buɗe sabon buhu

Matakin farko shi ne a tabbatar magen lafiyarta ƙalau. Idan dalilin da ya sa ake son sauya yashi shi ne ta fara fitsari a wajen baho alhali ba a canza mata komai ba, to likitan dabbobi ya kamata a fara nema kafin kanti, domin ciwon mafitsara da tsakuwar fitsari da ciwon ƙoda da ciwon suga duk suna bayyana ta wannan hanya. Mage mai jin zafi lokacin fitsari takan ɗauka bahon ne ke cutar da ita, sai ta nemi wani wuri, kuma babu yashin da zai gyara wannan.

Na biyu shi ne zaɓen lokaci. Gidajenmu a Makka da Jidda kan cika da baƙi a watan azumi da lokacin aikin Hajji, 'yan uwa daga Kano da Sakkwato da Damagaram suna sauka, ana shimfiɗa a falo, yara suna guje-guje, kuma mage a irin wannan yanayi tana cikin firgici tun kafin a ƙara mata wani sabon abu. Haka nan makon da aka tare a sabon gida, ko aka kawo wata magen, ko aka sauya mata abinci, ko za a yi tafiyar hutu a bar ta a hannun maƙwabta. A jira gida ya natsu, a sami makonni biyu zuwa huɗu da mai kiwo zai kasance yana nan yana lura.

Na uku shi ne a tanadi tsohon yashin da zai isa. Wannan ne inda mutane da yawa ke shiga matsala, domin sai tsohon buhu ya ƙare ƙarƙaf sannan suke tunanin gwada sabo, alhali dabarar gaba ɗaya ta dogara ne a kan haɗa biyun. A sayi ƙaramin buhu na sabon, na lita 5 ya wadatar a gwaji, kuma a zaɓi marar ƙamshi. Bahon da wurin da yake ajiye kada a taɓa su a wannan lokaci. Idan ana da niyyar sayen sabon baho ko mayar da shi wani lungu, a yi wannan daban, ko dai makonni kafin sauya yashin ko bayansa, domin idan aka haɗa sauyi biyu mage ta ƙi, ba za a san wanne ne ta ƙi ba.

Tun da an zo kan baho, yana da kyau a duba ko shi kansa ya dace. Tsawonsa ya kai tsawon jikin magen sau ɗaya da rabi, daga hanci zuwa gindin wutsiya, don ta iya juyawa ta tona a sake. Yawan bahon kuma ya zarce yawan maguna da ɗaya, wato mai maguna biyu ya ajiye uku, a wurare daban-daban. Baranda ba wurin baho ba ne a bazarar Makka, inda zafi kan haura digiri 45, domin mage za ta gwammace ta riƙe fitsari da ta fita cikin wannan zafin. Banɗakinmu ma yana da nasa aibin: ƙasansa kullum a jiƙe yake, ƙofarsa a rufe, kuma bentonait da ruwa ya fantsama a kansa caɓi yake zama ya toshe magudana.

Haɗa tsoho da sabo

Idan nau'in biyu suna da kama a taɓi, misali daga wani bentonait zuwa wani, ko daga bentonait zuwa na masara mai ƙananan ƙwayoyi, hanyar gauraya ce ta fi sauƙi. A kwana uku na farko a zuba kashi ɗaya na sabo a cikin kashi uku na tsoho, a juya su sosai har su haɗe, zurfin gaba ɗaya ya kai santimita 5 zuwa 7. Kada a wanke bahon a ranar farko, kuma a bar ɗan yashin da ta riga ta yi amfani da shi a ciki, domin warin kanta shi ne ke gaya mata cewa wurin nata ne har yanzu. Idan kwanakin nan sun wuce tana shiga tana fita kamar yadda ta saba, sai a koma rabi da rabi na wasu kwana uku, daga nan kashi uku na sabo da ɗaya na tsoho, sannan daga rana ta goma a cika da sabon zalla. Hanya mafi sauƙi ta yin haka ita ce duk lokacin da aka kwashe curin fitsari da kashi, a cike gurbin da sabon yashi, ta yadda tsohon zai riƙa raguwa da kansa.

Waɗannan kwanaki ma'auni ne na mage mai sauƙin kai. Tsohuwar mage da ta shekara da shekaru a kan yashi ɗaya, ko mai tsoro da ke ɓuya idan an ƙwanƙwasa ƙofa, ko wadda ta taɓa yin fitsari a waje a baya, a ba kowane mataki mako guda cur, ko da aikin zai kai wata. Duk lokacin da ta nuna ƙyama, a koma matakin da ta yarda da shi a baya, a tsaya a nan kwana huɗu ko biyar, sannan a ci gaba da ƙari ɗan kaɗan. A duk tsawon wannan lokaci a riƙa kwashe baho sau biyu a rana, safe da dare, da cokalin nan mai ramuka irin matsamin ƙosai, domin mage da ke shakkar sabon yashi ba za ta jure ƙazanta a kansa ba.

Mafi sauƙin sauyi shi ne na waɗanda suka fara da yashin gini ko rairayin da ake ɗebowa a bayan gari suna son komawa na kanti. Ina goyon bayan wannan sauyi ƙwarai, domin yashin waje ba ya riƙe zarni, kuma a gari irin Jidda da magunan titi suka yi yawa, tulin yashin da ke bakin gini banɗakinsu ne, yana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙuma. Lallausan bentonait marar ƙamshi shi ne ya fi kusa da rairayi a taɓi, kuma yawancin maguna kan karɓe shi cikin mako guda.

Idan nau'in biyu ba sa haɗuwa

Daga yumɓu zuwa sandunan katako ko na takarda ne aka fi shan wahala, domin a nan komai ya bambanta: girman ƙwayar, warin itacen, har da ƙarar da yake yi idan ana tonawa. Gauraya su kuma ba ta bayar da sakamako mai kyau, domin dusar katakon tana hana yumɓun dunƙulewa, sai bahon ya zama wani jiƙaƙƙen gari mai wuyar kwashewa. Abin da ya fi shi ne a jera su hawa biyu. A shimfiɗa sandunan a ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3, a rufe su da tsohon yashin kamar wannan kauri, ta yadda ƙafarta za ta fara sauka a kan abin da ta sani, sai ta tona sannan ta ci karo da sabon. Kowane kwana uku ko huɗu a rage kaurin na saman. Shi katako ba ya bukatar zurfi irin na yumɓu, kuma ya fi aiki a baho mai hawa biyu wanda na samansa ke da huji, dusar ta riƙa zuba ƙasa. A tabbatar an sayi wanda aka yi domin maguna, domin katakon da bai bushe a tanda ba yana ɗauke da man itace da hantar mage ba ta iya sarrafawa. Wannan dabarar ta shimfiɗa sabo a ƙasa a rufe shi da tsoho ita ce kuma ta dace da silika.

Akwai hanya ta biyu da na fi so idan gida yana da wuri, wato a ajiye baho biyu gefe da gefe, iri ɗaya, girma ɗaya, ɗaya da tsohon yashi ɗaya da sabon. A ɗebi ɗan curin fitsarinta daga tsohon a binne a cikin sabon, sannan a ƙyale ta. Kada a ɗauke ta a dangwara ta a ciki, kada kuma a kama ƙafarta ana nuna mata yadda ake tonawa, domin tilas ba ta haifar da komai a wurin mage sai ƙiyayya ga wurin. A riƙa ƙidaya abin da ake kwashewa daga kowane baho kullum. Idan bayan mako ɗaya ko biyu yawancin abin yana cikin sabon, sai a fara rage tsohon har a ɗauke shi. Idan kuwa sabon yana nan fes ba ta ko taka shi ba, ta ba da amsa ke nan. A gidan da ke da maguna da yawa, baho ɗaya ake fara sauyawa a bar sauran, kuma ba abin mamaki ba ne a ƙare da nau'i biyu a gida ɗaya saboda kowace da zaɓinta.

Yadda ake gane ta yarda ko ba ta yarda ba

Mage ba ta jira sai ta ɓata darduma kafin ta nuna rashin yarda, alamun suna bayyana tun a bakin baho ga wanda ya tsaya ya duba. Wadda ta gamsu takan shiga kai tsaye, ta shinshina, ta juya, ta tona da ƙafafun gaba, ta tsuguna a natse, ta juyo ta duba, ta binne, ta fita a hankali. Wadda ba ta gamsu ba za a gan ta ta ɗora ƙafafu biyu ko ma duka huɗun a kan leɓen baho tana ƙoƙarin kada ta taɓa yashin, ta yi sauri ta yi abin da ya kawo ta, ta yi tsalle ta fice tana karkaɗe ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kashin yana nan a fili ba ta rufe ba. Wata kuma takan riƙa karce bango ko tayil ɗin da ke gefen baho maimakon yashin, ko ta zo ta tsaya tana kuka ta koma. Kashi ko fitsari a dab da baho, ba a ciki ba, alama ce bayyananna cewa wurin ta yarda da shi, abin da ke ciki ne ba ta so.

Lafiyayyar mage kan yi fitsari sau biyu zuwa huɗu a yini, kashi kuma kamar sau ɗaya, kuma wajibi ne a riƙa lura da wannan a lokacin sauyi domin wasu maguna riƙewa suke yi maimakon su yi a waje. A nan akwai abin da ba a wasa da shi. Idan muzuru yana yawan shiga baho yana nishi babu abin da ke fita sai ɗigo, ko yana kuka, yana lasar gabansa, ko aka ga jini, ko ya daina cin abinci yana amai, to mai yiwuwa hanyar fitsarinsa ce ta toshe, kuma wannan kan kashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. A kai shi asibitin dabbobi a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Mazan maguna sun fi fuskantar wannan saboda hanyar fitsarinsu siririya ce, kuma damuwa tana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon mafitsara. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake ganin fifikon yashi mai dunƙulewa, domin girman curin da yawansa suna nuna halin da ƙodar mage ke ciki kullum, abin da silika da katako ke ɓoyewa.

Idan ta riga ta yi a waje

Kada a doke ta da silifa, kada a tura hancinta a cikin fitsarin, kada a yi mata tsawa. Mage ba ta haɗa horo da abin da ta aikata ɗazu, abin da za ta koya kawai shi ne tsoron mai gidan da neman lungun da ya fi ɓoyuwa. A mayar mata da tsohon yashinta zalla a wannan rana, a bar ta ta natsu mako guda kafin a sake gwadawa da ƙaramin kaso. Wurin da ta ɓata kuwa, a fara danne shi da tsumma ko takardar goge hannu har ya tsotse, a wanke da ruwan sanyi har launi da wari su gushe, wanda shi ne tsarkin da shari'a ta nema, sannan a zuba maganin wanki na musamman mai narkar da fitsarin dabbobi da ake samu a kantunan kayansu, domin hancinta yana jin abin da namu ba ya ji, kuma in dai warin yana nan za ta koma. A guji duk abin wanki mai amoniya, domin warinsa ya yi kama da na fitsari. Kada a zuba Clorox, wato ruwan bilic na wanke fararen kaya, kai tsaye a kan fitsari, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba, kuma Dettol da danginsa suna cutar da maguna idan suka taka suka lashe ƙafa. Har sai an gama sauyin, a riƙa naɗe sallaya bayan kowace salla, a rufe ɗakin majalisi, a ɗaga kwandon wanki daga ƙasa.

Masu bukatar kulawa ta musamman

'Yan kyanwa da ba su kai wata uku ba sukan ɗanɗana duk abin da suka gani, kuma bentonait yana kumbura a ciki kamar yadda yake kumbura a baho, don haka a fara musu da na takarda ko yumɓu marar dunƙulewa, sai sun girma a sauya. Magen da aka yi wa tiyata likita kan ce a zuba mata na takarda na ɗan lokaci don kada ƙura ta shiga rauni, kuma a irin wannan hali umarninsa ake bi ko da sauyin zai zo farat ɗaya. Tsohuwar mage mai ciwon gaɓoɓi tana bukatar yashi mai laushi da baho mai gajeren baki. Magen Shirazi, wadda ake yawan kiwo a Saudiyya, tana da dogon gashi da jiƙaƙƙen yumɓu ke maƙalewa a ciki tsakanin yatsu da ƙarƙashin wutsiya, ga kuma gajeren hanci da ƙura ke saurin damunsa, saboda haka nau'i mai ƙarancin ƙura da rage gashin tafin ƙafa suna taimaka mata.

Ta fuskar mutanen gida, mace mai juna biyu ta bar wa wani aikin kwashe baho, saboda ƙwayar toksoplasma da ke iya fita a kashin mage ta cutar da ɗan tayi. Idan babu wanda zai karɓe ta, ta sa safar hannu, ta wanke hannu da sabulu bayan ta gama. Ƙwayar tana bukatar kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum, shi ya sa kwashewa kullum take rage haɗarin sosai. Abin da aka kwashe a ƙulle shi a leda a kai bola, kada a zuba a masai, ko da an rubuta a buhu cewa yana narkewa a ruwa, domin bututun gidajen bene na haɗaka ne, kuma idan ya toshe har maƙwabcin ƙasa sai ya shafa.

Bayan an kammala sauyin, kowane nau'i yana da tsarin kula da shi. Mai dunƙulewa ana ƙara masa kaɗan-kaɗan don zurfinsa ya tsaya yadda yake, a zubar da shi duka a wanke baho da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Yumɓu marar dunƙulewa sai an sauya shi gaba ɗaya aƙalla sau ɗaya a mako. Silika ana cire kashi a juya ƙwayoyin kullum, a zubar idan yawancinsu sun koma rawaya, katako kuma ana tankaɗe dusarsa kowace rana. A ajiye ragowar tsohon buhun a ɗaure a busasshen wuri har wata guda bayan sauyin, domin wasu maguna sai bayan makonni suke nuna ƙyama. Idan an gwada sau biyu a tsanake ta ƙi, a mayar mata da wanda take so, a magance abin da ya dami mutum ta wata hanya, kamar shimfiɗa tabarmar roba mai kama yashi a gaban baho, ko neman bentonait ɗin da aka tace ƙurarsa, ko sayen ƙananan buhuna masu sauƙin ɗauka. Kuma tun da kaya kan yanke a kanti ba tare da sanarwa ba, a riƙa sayen buhu na gaba tun na yanzu yana da saura rabi, ta yadda ko nau'in ya ɓace daga kasuwa akwai abin da za a gauraya da wanda zai maye gurbinsa.